Hular Ba Mikail

Sunana Rashida. 'Yar Kano ce ni, aure ya kawo ni Maiduguri tun ina da sauran ƙuruciya, kuma a Bolori na tsufa. Mutanen unguwa suna cewa ina da faɗa, ni kuma ban taɓa musawa ba. Amma da ba don faɗan nan nawa ba, da har yau Ya Kaltum tana ɗaki tana kukan makantar da ba ta same ta ba.

Ya Kaltum 'yar Bama ce. Ta shigo gidana a shekarar da garinsu ya faɗa hannun yaran nan, wajen ƙarshen damina, ƙafafunta a kumbure, ba ta da komai sai zanin jikinta da wani ƙunshi ɗaure a ƙugu. Na ba ta ɗakin da muke ajiye gawayi, muka share shi tare. Sai bayan mako guda na ga abin da ke cikin ƙunshin. Hular Zanna ce da aka ɗinke rabinta, allurar tana soke a inda aka tsaya, ga ragowar zarurrukan siliki, ruwan toka da shuɗi, a naɗe a cikinta.

Ta mijinta ce, wanda ake kira Ba Mikail. Dillalin huluna ne a kasuwar Bama, kuma da wannan hular ya ce zai je Idin Babbar Sallah ta shekarar. Ranar da aka shigo garin yana kasuwa, ita tana gida da hular a hannu. Kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa.

An yi da ita ta yi takaba, ta ƙi. An yi da ita ta ƙarasa hular ta sayar, ta yi wa mai maganar kallon da ya sa bai sake ba. Ta mayar da hular ƙarƙashin matashinta, ta kama ɗinka wa 'yan kasuwa wasu. Ni da na girma ina ganin huluna a Kano, wallahi ban taɓa ganin hannu irin nata ba. In ka juya cikin aikinta, sai ka rantse shi ne wajen.

Na taɓa gaya mata haka, ta yi dariya. "Ke dai ba ki san Ba Mikail ba," in ji ta, da Hausarta mai ɗanɗanon Barebari. "Shekara ashirin da shida ina ɗinka masa, bai taɓa karɓar hula ya ce ta yi kyau ba. Zai juya ta, ya bi layi layi da farce, sai ya nemo inda allura ta kauce. Ya nuna mini, na zage shi a zuci, sannan ya sa ta a kai." Tana faɗa tana murmushi, sai na gane ba ƙara take kawowa ba. Kewarsa ce take cin ta.

A shekara ta uku ta daina ɗinki. Ta ce wai bayanta ke ciwo, ta koma soya gyaɗa a ƙofar gida. Ban yarda ba, don ba a rufe ni da irin wannan. Na ga yadda take tsintar shinkafa, ta tura faranti can nesa da ita tana ja da kai baya. Na ga in an kira wayarta sai ta miƙe hannu iya tsawonsa kafin ta danna. Amma mutum na tahowa daga bakin titi, ita za ta riga ni faɗin sunansa. Ban tona ta ba, saboda a wurin matan Bama masu hula, a ce allura ta gagare ki daidai yake da a ce kin gama yawo.

Saura kwana ashirin da huɗu Babbar Sallah, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Masu haɗa iyalan da gudun hijira ya raba ne. Suka ce akwai wani mutum a sansanin da ke can ƙetaren iyaka, cikin Kamaru, yana neman Kaltum matar Mikail. Sannan suka ba shi wayar.

Ba zan iya kwatanta abin da ya faru a tsakar gidana ba. Gyaɗa ta ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula. Ni da ban taɓa ganin mutumin ba na fi kowa kuka. Da ta samu bakin magana sai ta ce mini za a kawo su kafin Sallah, kuma abin da ya fara tambaya bayan gaisuwa shi ne, "Hulata fa?"

"Da wasa ya faɗa," na ce.

"Na sani," ta ce. "Ni ce ba da wasa na ji ba."

Da yamma ta fito da hular, ta zauna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ina daga kicin ina kallonta. Ta lashi zare ta nufi kafar allura, ta kuskure. Ta sake. Ta miƙa hannuwa nesa, ta runtse ido ɗaya, ta sake. Na ƙirga har sau goma sha ɗaya kafin haƙurina ya ƙare. Na je na fizge allurar, na cire tabarau ɗina, na zura zaren a karo ɗaya na miƙa mata.

Ai kuwa sai na tsokano. "Kin girme ni da shekara bakwai!" ta ce. "Ke da ba kya gane mutum a ƙofar gida sai da gilashi, ke ce za ki sa mini zare?" Daga nan ta fashe da kuka, ta faɗa mini komai. Shekara guda ke nan zanen hula yana narkewa a idonta. Ta sa kwalli har na Makka, ta wanke ido da rubutu, ba abin da ya sauya. Ta tabbata makanta ce ke tahowa a hankali, irin ta kakarta. Yanzu ga shi mutumin zai dawo bayan shekara uku, abu ɗaya da ta riƙe masa ta kasa ƙarasawa.

Abin da muka fara yi wauta ce, kuma tawa ce. Na ɗora mata tabarau ɗina. Ta kalli hular ta ce innalillahi, ta ƙara ɓacewa. Sai na koma zura mata allurai goma kowace safiya ina soke su a matashi, tana ɗinki da lalube da abin da hannunta ya haddace. Kwana huɗu tana yi. A na biyar ta kai aikin rana ta miƙa shi nesa ta duba, sannan ta zauna ta warware shi duka da bakin allura. Layukan sun karkace. Ko ni na gani.

Cikin kwanakin nan wata maƙwabciyarmu ta kawo labarin wani mutum a Khaddamari da ke kwantar da yanar ido da tsinke. Na ce mata in ta ƙara ambatonsa a gidana sai na kwantar da ita da muciya. Na san mutum biyu da suka je wurin irinsu da ido mai ɗan gani, suka dawo da sanda.

Sai kuma aka ce masu aikin agaji sun zo makarantar firamaren unguwa suna raba tabarau kyauta. Na tura ta, ni ban je ba saboda ina da baƙi, kuma har yau ina jin haushin kaina. Ta dawo da tabarau cikin 'yar jaka, ta sa, ta ɗauko hular ta kawo ta kusa da fuska yadda ta saba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta cire shi ta ajiye a hankali.

"Ya ɗan rage," ta ce. "Amma ban ga zaren ƙyallen ba. Kin gani ko? Har gilashin Bature ya gaza. Ya Rashida, ƙyale ni kawai."

Ta shiga ɗaki ta ja labule. Saura kwana goma sha huɗu.

Na bi ta ciki ba sallama. Na ce ta gaya mini yadda aka yi gwajin, tiryan-tiryan. Da ƙyar ta faɗa. Layi ne mai tsawo, rana ta take. Wani saurayi ya miƙa mata kati mai rubutun boko, ya ce ta riƙe a cinya ta karanta. Ita kuwa ba ta yi boko ba, kuma ga matan unguwa a bayanta suna ji. Duk gilashin da ya ɗora mata ya ce "Kina gani?" sai ta ce "E." A na biyu ya ce to shi ke nan, mai bi.

Na riƙe haɓa. "Wato kunya ce ta zaɓa miki tabarau! Ke da kika tako daga Bama da ƙafa, kati ne ya ba ki tsoro? Tashi ki yi wanka. Kuma ki ɗauko hular, da allurar, da zaren."

Muka hau Keke Napep zuwa wani ƙaramin asibitin ido da ke hanyar GRA, inda nake canza nawa. Sau uku 'yan ƙato da gora suna tsayar da mu a shinge. A na ƙarshe wani ya ce a buɗe ƙunshin, ya ga hular, ya ce, "Mama, aikin Bama ne wannan." Ta ce e. Ya naɗe mata da kansa ya ce mu wuce.

Mai duba idon sunanta Sista Phoebe, 'yar wajen Biu, gajeriya mai saurin magana, irin mutanen da nake shiri da su. Ta haska idon Ya Kaltum da 'yar fitila, ta auna shi da na'ura, ta sa ta faɗi inda ƙafafun wata alama suka fuskanta a bango, ba ruwanta da karatu. Ya Kaltum ta faɗe su duka har layin ƙasa.

"Mama, idonki ƙalau yake," in ji Sista. "Ba yana, ba hawan jinin ido. Nesa ma kin fi ni gani."

"To me ya same ni?"

"Shekaru. A cikin ido akwai wani ɗan abu mai laushi da ke lanƙwasawa in za a kalli abu na kusa. In mutum ya haura arba'in sai ya fara tauri. Kowa da kowa, har likitan. Ba makanta ba ce, kuma ba ya zama makanta."

Ya Kaltum ta nuna ni da baki. "Wannan fa? Ta girme ni, amma tana sa zare."

Sista ta yi dariya. "Ita idonta tun asali na kusa ne, nesa ce ta gagare ta. Shi ya sa nata gilashin ya ƙara rikita ki. Kowa da nasa."

Na ce, "Kin ji ko? Ba asiri na yi miki ba."

Sannan Sista ta zayyana mata hanyoyin da ake bi. Akwai tabarau na kusa zalla, mai lamba, a sa lokacin aiki a cire in an tashi. Akwai mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na kusa, amma sai an aika an yanko, mako biyu ko uku, kuma ita da nesanta lafiya lau ba ta buƙatarsa. Akwai wani ɗan siririn gilashi da ake mannawa a ƙwayar ido, wanda ke son ruwa mai tsabta da wanke hannu kullum, ta ce ba za ta ba mai aiki da gawayi da man gyaɗa shawararsa ba. Akwai kuma tiyata a manyan asibitoci, amma ta ce ita ba ta ga dalilin taɓa lafiyayyen ido da wuƙa ba alhali gilashi zai yi.

"Gilashi na gwada," in ji Ya Kaltum, ta miƙa mata na makaranta. "Bai yi ba."

Sista ta duba lambar. "Ɗaya da rabi. Me kike so ki gani da shi? Alƙur'ani? Waya?"

Na kwance ƙunshin na ɗora hular a kan tebur. Sista Phoebe ta shafa ta da bayan yatsa. Sannan ta ce, "Mama, riƙe ta yadda kike riƙewa in kina aiki. Kar ki gyara don ni."

Ya Kaltum ta naɗa ƙyallen a yatsa, ta sunkuya, ta kawo shi dab da hancinta. Sista ta ware tafin hannunta tsakanin idon da hular. Taƙi ɗaya ne da 'yan yatsu.

"Ga matsalar nan," ta ce. "Mai karatu yana riƙe littafi kamu guda daga ido, kuma a nan aka gwada ki. Ke kuwa a rabin haka kike aiki. An ba ki tabaran mai karatu, ke kuma mai hula ce."

Ta ɗauko wani firam mai nauyi ta ɗora mata, ta shiga zura gilasai tana cirewa. Ba ta ƙara tambayar "Kina gani?" ba. Ta ce, "Ƙirga mini zaren ƙyallen daga nan zuwa nan." A lamba biyu Ya Kaltum ta ce suna rawa. A biyu da rabi ta fara ƙirgawa, ta tsaya a tsakiya. Da aka sa lamba uku sai na ga bakinta ya buɗe.

"Takwas," ta ce a hankali. "Tara. Ga inda na tsaya ranar nan. Ga ramin allurar."

Ba wanda ya ce ta yi. Ta zare allurar, ta lashi zare, ta zura shi karo ɗaya. Ta zare ta sake zurawa, don ta tabbatar ba dace ba ne. Sannan ta ɗago ta dube ni ta saman gilashin, ta ce, "Daga yau kar ki ƙara taɓa mini allura."

Daɗi ya kama ni.

Sista ta ba ta tabarau lamba uku, mai baƙin firam, da sharuɗɗa: ta yi aiki a wuri mai haske, ta riƙa ɗaga kai tana kallon nesa lokaci lokaci, ta riƙe na makarantar don waya da tsintar shinkafa, kuma kar ta yi tafiya da na aikin a fuska. Wannan na ƙarshen ta karya shi tun ranar farko. Ta miƙe za ta yi alwala, ƙasa ta taso mata, ta yi ƙwallo da butata har bakin rariya. Na ce Allah ya ƙara.

Kwana goma sha biyu ta yi ƙarƙashin darbejiya, daga fitowar rana zuwa la'asar sakaliya. In hadari ya haɗu ta koma bakin ƙofa inda haske yake. Na karɓi suyar gyaɗar, na karɓi girki, aikina na uku kuwa shi ne in daka mata tsawa, "Ɗago ki kalli bishiya!" Matan unguwa da suka zo yi mata dariyar ta zama 'yar boko, kafin mako ya ƙare uku daga cikinsu sun tambaye ni hanyar asibitin a asirce. Ranar da ta ɗaure zaren ƙarshe na kai hular wurin Babakura mai wankin hula, ya wanke ta, ya sa mata sitaci, ya buga ta a kan icce. Da zai miƙo mini sai da ya tambayi wanda ya ɗinka.

Ana jibi Sallah aka kawo Ba Mikail, wajen azahar. Dogo ne, ya rame har rigar tana lilo a jikinsa, gemu fari fat, a kansa wata 'yar hular saƙa da ta koɗe. Ya Kaltum ta durƙusa daga nesa tana cewa "Lale, lale, wushe," shi ma yana amsawa, kowannensu yana kallon ƙasa kamar baƙi. Mu muka yi musu kukan.

Bayan ya ci abinci an watse, ya zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya. Ta shiga ɗaki ta fito da hular a kan faifai, ta ajiye a gabansa ta koma gefe. Ni kuwa na ƙi tashi. Gidana ne.

Ya ɗauke ta da hannu biyu. Ya kawo ta kusa, sai ya ja kai baya. Ya miƙa hannu, ya ƙara miƙawa har iya tsawonsa, ya runtse ido. Na dubi Ya Kaltum, ta dube ni.

"Ta yi kyau," in ji shi.

"Ƙarya kake," ta ce.

Na zaci ban ji daidai ba. Mutumin da ya dawo daga bakin kabari!

"Shekara ashirin da shida ba ka taɓa ce mini ta yi kyau ba. Yau don ba ka gani ne za ka faɗa? Ba na son yabon tausayi." Ta ciro tabaran daga wuyan rigarta, ta matsa, ta ɗora masa a fuska da hannunta. Wannan ne karo na farko da ta taɓa shi tun da ya shigo. "Kawo ta kusa. Taƙi ɗaya. Yanzu nemo mini."

Ya kawo ta kusa, sai na ji ya ja numfashi. Ya juya cikinta waje. Ya sa farcen babban yatsa ya fara bin layi, yana juya hular a hankali, yadda ta ba ni labari. Ya zagaye ta sau ɗaya. Ya koma sama ya sauko. Ya sake zagayewa. Kaji suna ta kai da kawowa, aka kira la'asar a masallacin unguwa, mutumin nan bai ɗago ba. Ita kuwa ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Can ya tsaya. "Kaltum," ya ce, "rabi na bari. Na san rabi na bari, da idona na gani da safiyar ranar da muka rabu. A ina kika tsaya? A ina kika ci gaba?"

"Kai ne dillali. Nemo."

Ya sake sunkuyawa, amma gilashin ya riga ya jiƙe. Ya cire shi ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ƙara dubawa. Sannan ya girgiza kai.

"Babu," ya ce. "Ban ga wurin ba. Kamar ba a taɓa ajiye ta ba."

Ya cire tsohuwar hular saƙar ya ajiye a tabarma, ya ɗora sabuwar, ya gyara mata zama da yatsu biyu. Ni kuwa na saki guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu.

Da hular ya je Idi. Bayan Sallah na tasa shi gaba zuwa wurin Sista Phoebe, kuma na tabbatar ya tafi da hula a hannu, ba kati ba. Yanzu yana da nasa tabaran, kuma wani lokaci in ya zauna da yamma sai in ga ya cire hular ya juya ta yana bin layi da farce. Ni na san wurin, don a gabana ta nuna ramin allurar. Ya tambaye ni ya fi sau goma, amma Ya Kaltum ta hana ni faɗa.